Ga masu buga zanen fure da raga

'Yan'uwa masu buga zane a riga da takarda, in za ku yi furanni irin na Andy Warhol, shahararren mai zanen Amurka, ku ɗauki hoton furen da kanku, wayarku ma ta isa. Shi a 1964 hoton wani fure dangin zoɓo ya ciro daga wata mujallar Amurka, mai hoton, Patricia Caulfield, ta maka shi a kotu, sai da aka yi sulhu.

Wajen bugu kuma, kowane launi da ragarsa, wato ƙyallen da ake tura launi ta cikinsa. Ku fara da koren ciyawa da launukan furen, su bushe sarai, baƙi ya zo ƙarshe. In launi ya ɗan tsallake layi, ku ƙyale shi. Ni dai nan nake ganin kyan abin.