In tsohuwar kwamfutarka ta ƙi tashi, dakata kafin a yi mata formataj

Satin da ya wuce ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya shigo min gida da HP ɗinshi a hammata ido ya yi ja, wai an ɗauke kuran tana tsakar aiki, batirinta kuwa dama ya mutu tuntuni, da wuta ta dawo ya kunna sai baƙin ekran da ɗan rubutu, ga memuwar ɗinshi, wato kundin kammala karatu, na wata shida a ciki ba kwafi ko'ina. Har ya kai ta wani shago an ce mishi sai formataj, wato a goge komai a sake sa Windows. Abin nan na ci min rai wallahi, don sau da yawa takardun mutum suna nan lafiya lau, hanyar shiga ce kawai ta toshe, amma a share komai cikin minti talatin.

Abin da za ka fara yi shi ne ka lura da inda take tsayawa, don nan ne ciwon yake. In ka danna buton ko fitila ba ta kama ba, wannan ba laifin Windows ba ne. Cire sharja, cire batir in mai fita ne, danne buton kamar sakan 30, ka maida sharja kaɗai ka gwada. In ba ta motsa ba ari sharjar wani mai irin taka.

In fitila ta kama fanka na juyi amma ekran baƙi ƙirin, ko tana ƙara ƙit ƙit, yawanci RAM ce, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwar aiki da ke ƙarƙashin murfi. Ƙurar hunturun Damagaram ba ta barin komai. Kashe ta, cire batir, kwance murfin ƙasa, buɗe 'yan ƙarafan gefe biyu RAM ɗin za ta ɗago da kanta, goge haƙoranta masu ruwan zinariya da abin goge fensir, ka maida har ka ji ta ce ƙas. In biyu ne gwada su ɗai ɗai. In kuma tana tashi sai ta mutu bayan 'yan mintoci musamman da bazara, fanka ce ta cushe, a hure ta.

To in sunan kamfani ya fito sannan ta rubuta No bootable device ko Operating system not found, ko a HP ka ga 3F0, sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta da ke tashi kafin Windows. Kana kunnawa ka dinga danna F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a ThinkPad. Cire duk kile USB da ke jiki tukuna, na sha ganin kile ɗin da aka manta a gefe shi ne duk matsalar. A ciki duba abu biyu, ko tana ganin disk dur, wato ma'ajiyar Windows da takardunka, da kuma kwanan wata. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya to ƙaramin pil ɗin da ke kan babban katin cikin kwamfutar ya mutu, galibi CR2032 ne mai bolt 3 irin na agogo, a wasu an naɗe shi da roba da 'yar waya. Mutane na raina pil ɗin nan, alhali in ya mutu BIOS na mance saitinta, jerin abin da za ta fara tashi da shi ya rikice, wani lokaci har saitin SATA, wato yadda take magana da disk, ya juya tsakanin AHCI da IDE, sai Windows 7 ta jefo maka shuɗin ekran mai lamba 0x0000007B. Ka juya saitin zuwa ɗayan, ka adana, ka sake kunnawa, sau tari shi ke nan ta tashi.

In BIOS ba ta ga disk ba, ciro shi ka sake zaunar da shi da kyau, yawon babur a kan hanyoyinmu na sassauta shi. Kara kunne kuma. In kana jin ƙwas ƙwas yana maimaitawa, don Allah kashe ta nan take, disk ɗin na gargara ne kuma duk kunnawa ƙara mishi ciwo kake. HP na da gwajin disk a F2, Dell kuma a F12 ka zaɓi Diagnostics, in ta ba ka 2000-0142 disk ne ya gaza.

Yanzu ga inda na fi so a kula. Disk na nan, amma ta ce BOOTMGR absent, ko tambarin Windows na ta juyi ba ya wucewa. Kafin ka taɓa komai kwashe takardunka. Nemi kile mai jiga 8, a wata kwamfutar ka sa mishi Linux Mint ko Ubuntu, wato tsarin da ke tashin kwamfuta a madadin Windows, da manhajar Rufus, a cikinta ka zaɓi MBR in kwamfutarka tsohuwa ce sosai, ka tashi da shi ta F9 a HP ko F12 a Dell, ka zaɓi gwadawa ba girkawa ba, za ka ga dosiyoyinka ka kwafe su a wani kile. Haka muka yi wa ƙanena, sai da memuwar ya fita sannan na numfasa.

Bayan nan sai gyara. A Windows 7 danna F8 tun farko ka gwada Dernière configuration valide connue ko Mode sans échec. In ba su yi ba, tashi da kile ko faifan Windows, kar ka danna Installer, danna Réparer l'ordinateur da ke ƙasa, ka bar gyaran tashi ya gwada nashi. In ya kasa buɗe Invite de commandes ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, bootrec /fixmbr sai bootrec /fixboot sai bootrec /rebuildbcd. Na farkon yana sake rubuta lambar tashi da ke sashen farko na disk, ɗan wurin nan mai bayit 512, ba ya taɓa takardu. Kula da abin da ke fitowa a ekran don klabiye AZERTY kan koma QWERTY a nan, ka danna a ta fito q. Sannan chkdsk c: /f /r mai duba disk ya gyara, sai dai a wurin nan Windows kan koma D maimakon C, rubuta dir d: ka gani. chkdsk na ɗaukar awanni, don haka kar ka fara sai kana da tabbacin wuta. Waɗanda suka zo da Windows 8 tun daga 2012 yawancinsu UEFI ne, sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS, fixmbr ba ya musu amfani, gyaran tashi na kan kile ya fi.

Ta ƙanena rebuildbcd ne ya tashe ta, amma chkdsk ya nuna wuraren da suka lalace a disk, don haka na ce ya tara kuɗi ya sa SSD, sabon nau'in disk, mai inci 2.5 tare da sabon batir, tunda ɗaukewar wuta tana tsakar rubutu ita ta jawo wannan. Windows 7 ɗin ma Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, in SSD ya zo Linux Mint zan sa mishi, memuwar kuwa yanzu yana kile biyu da kuma imel ɗinshi.