Yadda Za Ka Auna Shan Man Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska, Ka Kuma Adana Na Ko-ta-kwana

Jirgi mai tafiya da iska ma yana da inji, don iskar takan ɗauke cak a tsakiyar teku. Daga tsibiran Kanari da ke kusa da gaɓar Afirka zuwa yankin Karebiyan a ƙetaren Tekun Atlantika, tafiyar mil 2,700 ce ta ruwa, ba gidan mai ko ɗaya.

1. Cika tanki fal da man dizal, ka rubuta awannin da agogon inji ya nuna.

2. Bayan inji ya yi awa 20 yana aiki, sake cikawa. Raba litocin da ka zuba da awannin. Lita 50 ta shiga? To, injinka na shan lita 2.5 a awa. Kada ka dogara da allurar tanki. Idan jirgi ya karkata, ƙarya take yi.

3. Ware kashi ɗaya cikin uku na man, ka manta da shi sai ranar tsanani.

4. Ƙarin mai kuwa, a jarkoki masu lita 20. Bar ɗan sarari a wuyan kowace, don mai na kumbura idan rana ta buga shi. Kafa katako a gefen jirgi, ka ɗaure su tamau da igiya. Jarkar da ta kwance cikin igiyar ruwa sai ta karya ƙafar mutum. Rufe su da tamfol.

5. Juye da tiyo ta mazurari mai matata, lokacin da teku ta lafa. Ruwa ya shiga tanki, sai wani baƙin dauɗa mai yauƙi ya taru ya toshe filta, inji ya mutu daidai bakin tasha.