Yadda za ka fita ka dawo lafiya ranar da 'yan adaidaita sahu suka tafi yajin aiki

Duk wanda yake Kano a watan Fabrairun 2021 da kuma Janairun 2022 ya san abin da nake magana a kai. Na farko a kan harajin naira 100 na kullum ne, na biyun kuma a kan kuɗin sabunta lamba da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ta sa, naira 8,000. Aka wayi gari titi fayau, ba ɗan sahu ko ɗaya, mutane sun yi cirko-cirko a bakin hanya da sanyin hunturu, ga 'yan makaranta da jakunkuna, ga tsofaffi riƙe da katin asibiti. Kuma dalilin da ya sa abin yake gigita garin a fili yake, tun da aka hana acaɓa a 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, kusan kowa a kan adaidaita ya dogara, bas ɗin haya ba su da yawan da za su ɗauke jama'ar Kano. To tunda abu ne da ya faru har sau biyu, gara mutum ya san yadda zai yi.

Abu na farko, yajin aiki ba ya faɗowa daga sama. Kwana biyu ko uku kafin ranar za ka ji direbobi suna ta maganar a tsakaninsu, musamman a gidan mai ko wajen mai faci. Idan kana da ɗan sahun da ka saba hawa, karɓi lambarsa tun yanzu ka ajiye, shi zai gaya maka gaskiyar magana fiye da abin da ake turawa a WhatsApp. Sannan ka buɗe rediyo da daddare da kuma bayan asuba, Freedom ko Arewa ko Rahama, kafin ka sa takalmi ka san ko an janye ko ba a janye ba.

Da zarar ka tabbatar za a yi, to aikin na daren ne, kar ka bari sai da safe. Ku zauna a gida ku tantance waye dole ya fita, waye zai iya haƙura. Mai jarrabawa dole ne, mai ganin likita dole ne, wanda sai ya fita sannan a ɗora tukunya shi ma dole ne. Amma gaisuwar suna ko zuwa ɗinki ko kai ziyara Dorayi, wannan a ɗaga, ba wanda zai ga laifinka. Yaran firamare da makarantarsu take da nisa ni dai shawarata su zauna a gida, ka kira malaminsu ka faɗa masa, don kai su da safe ba shi ne matsala ba, ɗauko su da rana ne tashin hankalin.

Daga nan sai maƙwabta, kuma wallahi nan ne duk maganin yake. Bayan sallar isha'i kafin a watse, a tambaya waye yake da mota, waye yake da mashin, ina ya nufa, ƙarfe nawa zai fita. A layinmu can wajen Kurna haka muka yi a na 2022, wani bawan Allah mai ƙaramar mota da yake da shago a Kantin Kwari ya ce duk mai zuwa cikin gari ya same shi a ƙofar gida ƙarfe shida da rabi, muka cika motar mu biyar, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa na mai aka ajiye masa a gaban sitiyari duk da yana ta cewa a bari. Don Allah ka ba da kuɗin man nan ko an ce ka bar shi, saboda gobe ma za ka buƙace shi kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Kuma ku yi maganar dawowa tun a lokacin, a ina za a haɗu, ƙarfe nawa, don mutane da yawa safiya kawai suke lissafawa sai magariba ta same su a Bata ba abin hawa.

Idan akwai mai ciki da watanta ya kama, ko mai ciwon suga ko hawan jini ko sikila, to ita ce gaba da kowa. A samu mutum ɗaya mai mota a ce masa Alhaji ko da tsakar dare ne za mu buga maka ƙofa, a tabbatar da mai a tankin, jakar haihuwa tana kusa da ƙofa, a kuma sayo maganin kwana uku ko huɗu tun kafin a shiga yajin. Na ga mata da miji a bakin titi, ita ta durƙusa ta riƙe ƙugu shi kuma yana ɗaga wa duk motar da ta zo hannu yana cewa asibitin Murtala don Allah, har sai da wani mai a-kori-kura ya tsaya. Har yau abin yana raina. Kai ma mai mota, ranar irin wannan kar ka wuce da kujeru uku babu kowa.

Wanda kuma ba makawa sai ya taka, ya fita da wuri, ya sa takalmin da ba zai ci masa ƙafa ba, ya riƙe ruwa, idan hunturu ne ya sa takunkumi saboda ƙura. Ka bi babban titi inda jama'a suke, kar ka ce za ka yanke ta lungun da ba ka sani ba, waya kuma ta zauna a aljihu, kowa ya san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku tafi tare, mata musamman, kuma a yi ƙoƙari a kamo hanyar gida tun la'asar.

A riƙe tsabar kuɗi da canji, 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. Ranar yajin aiki za ka ga masu mashin sun fito suna ɗaukar mutane, da masu a-kori-kura da motocin gida da aka mayar na haya, kuɗin kuma ya ninka ko ya fi. Ku yi ciniki kafin ka hau, kar sai an isa a fara cacar baki. Motar da ba ka yarda da fuskokin cikinta ba ka ƙyale ta ta wuce, wata za ta zo. Sai kuma ɗan sahun da ya saci jiki ya fito aiki, ni ba na ba da shawarar hawa, don 'yan uwansa suna iya tare shi a hanya a sauke ka a inda ba ka yi niyya ba, wani lokacin har da hayaniya, ga ka da yara ko kaya.

Masu aikin ofis da yaran shago, ku kira maigida tun dare ku gaya masa halin da ake ciki, a san za ku makara ko a ba ku uzuri. Idan kana da ɗan uwa kusa da wajen aikinka, kwana biyu a wajensa ya fi maka zirga-zirga daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai a ƙafa. 'Yan kasuwa masu kayan gwari kuma a rage sari, don masu saye ma ba za su iso ba.

Ɗan sahun nan na layinku kuma a leƙa shi. Yawancinsu mashin ɗin ba nasu ba ne, kullum sai sun kai balas ga mai shi, abin da ya ragu bayan mai da gyara shi ne cefane, to kwana uku ba aiki yana nufin kwana uku ba shiga. Idan kana da kwanon shinkafa ko masara ka aika gidansa, idan kuma kai ne mai mashin ɗin ka yafe masa balas na kwanakin da bai fita ba.