Idan zazzaɓi ya taɓa wa yaro ƙwaƙwalwa: yadda za ki gane da abin da za ki yi

Iyaye mata dan Allah a saurara, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba kuma ba duk yaron da ya fara sambatu ne aljanu suka taɓa ba. Akwai ƙwayoyin bairos da ke hawa ƙwaƙwalwar yaro su kumbura ta, irin na ƙyanda, hangum, farankama, da wadda ake cewa hafis, wato mai fito da ƙuraje a leɓe in mutum ya yi zazzaɓi.

Abin da za ki lura da shi shi ne canjin hali. Zazzaɓin da muka saba, in jiki ya ɗan huce yaro zai tashi ya nemi wasa ko nono. Wannan kuwa ko an ba shi farasitamol jikin ya yi sanyi za ki ga ba shi ba ne, barci kawai yake yi kina tashinsa yana komawa, ko ya kalle ki kamar bai san ki ba, ko magana ta karkace, tafiya yana tangaɗi, ga amai da ciwon kai, wani wuyansa ya sanƙare baya son haske. Jariri ba zai faɗa miki ba, sai dai ya ƙi kama nono, kuka mai tsini ba ƙaƙƙautawa, maɗiga ta kumbura. Kin ga irin wannan tare da zazzaɓi to ɗauki mayafi sai asibiti, ko ƙarfe biyun dare ne, kuma babban asibiti ba kemis ba.

In jijjiga ta kama shi kafin ku fita, kwantar da shi a gefensa, ki sassauta masa riga, ki janye duk abin da zai buge. Kar a tura cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man ja, zai iya shaƙewa ya wuce huhu, kar kuma a turara masa hayaƙi. Ki duba agogo, in ta kai minti 5 bata tsaya ba a kama hanya a hakan. Addu'a kam a yi ta, amma a cikin mota ana tafiya.

A asibiti za su duba maleriya tukuna don ita ma tana hawa kai, sannan ƙila likita ya ce zai ɗebi ruwan baya. Nan ne nake ganin iyaye suna turjewa, wai allurar baya na gurgunta yaro, wallahi wannan maganar tana min ciwo, domin ruwan nan shi ke taimaka wa likita ya rarrabe sanƙarau na bakteriya da na bairos, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Antibayotik baya kashe bairos. Ita hafis tana da nata maganin, asaikulobir, ta jijiya ake ba da shi kwana 14 zuwa 21, kuma amfaninsa a fara da wuri kafin ta yi ɓarna. Kar ki nemi sallama don kin ga ya farfaɗo a kwana na uku.

Bayan an dawo gida ki ci gaba da sa ido kan jinsa, maganarsa, tafiyarsa da karatunsa, ki riƙa komawa ganin likita ranar da aka ba ki.

Sai rigakafi. Allurar ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, domin kusan yaro 1 cikin 1,000 da ƙyanda ta kama tana kumbura masa ƙwaƙwalwa. Ɗigon shan inna ma kar a bari duk da an ayyana Najeriya ta rabu da asalin cutar a 2020. In kuma kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi a yi allura a ranar, domin ciwon haukan kare in alamunsa suka fito kusan ba a tashi.