Dikoda da sunan tsohon miji: yadda za ki yanke biyan

'Yan uwa matan Katsina, DStv da GOtv kuɗin wata ake biya kafin a kalla. In ba a sabunta ba, tashoshin kuɗi na rufewa da kansu, ba bashin da zai hau kanki.

Inda ake samun matsala shi ne cirewar kai tsaye, wato a riƙa cire kuɗin daga asusunki duk wata. Ki shiga manhajar bankinki ki soke umarnin biyan wata-wata. In katin ATM ɗinki aka haɗa, ki sa banki su toshe shi, su ba ki sabo.

Sauya suna kuwa sai da yardar tsohon mijinki, don saƙonnin tabbatarwa wayarsa suke zuwa. Ki kwafi lambar IUC (lambar shaidar dikodar GOtv) ko ta katin dikodar DStv, ki tura yayanki ya karɓo amincewarsa. In tsohon mijin ya ƙi, sayen sabuwar dikoda da sunanki ya fi kwanciyar hankali.