Daga Heathrow zuwa garin da za ka zauna: motar nan ba ta jiran kowa

Da zarar Satumba ta kama, ko Janairu, wayoyin 'yan Zariya mazauna Ingila ba sa hutawa. Sabbin ɗalibai daga Samaru da Kongo, ma'aikatan jinya daga Shika, kowa ya sha wahalar biza wata da watanni, an yi walima, an yi sallama da dangi, amma da wuya ka sami wanda ya zauna ya yi tunanin yadda zai tashi daga filin jirgi ya isa garin da zai zauna. Da yawa gani suke Ingila duk Landan ce, in ka sauka ka iso. Alhali daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa Coventry wajen awa biyu ne a mota, Manchester ko Bradford kuwa ka ƙiyasta awa biyar ko fiye, Newcastle kusan wuni guda.

Fita daga Zariya zuwa Kano ko Abuja ba sai an koya wa kowa ba. Abin da kawai za ka duba a tikitinka shi ne taminar da za ka sauka, wato sashen filin jirgin da za a sauke ka, domin Heathrow tamina huɗu ke aiki, ta 2 zuwa ta 5. British Airways daga Abuja ta 5 yake sauka, Qatar yawanci ta 4, Ethiopian da EgyptAir ta 2. Babbar tashar motoci tana tsakanin ta 2 da ta 3, ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ake bi da turin kaya. Wasu motocin suna biyawa ta 4 da ta 5, wasu ba sa biyawa, kuma jirgin ƙasa tsakanin taminonin kyauta ne. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa, ka bar wa Hajiya abinta da godiya, doka ta hana shiga da nama da kayan madara. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji su ne abokan tafiya.

Inda ake kuka shi ne tikitin mota. Mu mun saba da Kwangila, in ka zo ka tarar mota ta tashi sai ka shiga ta bayanta ka jira ta cika. Can tikitinka na mota ɗaya ne, a kan minti ɗaya. In an rubuta 16:05, to huɗu da minti biyar na yamma direba zai rufe ƙofa, ko kana hango shi kana ɗaga hannu. National Express ne ya fi yawan motoci daga Heathrow, akwai kuma FlixBus, kuma duk ana iya saye a intanet, tun kana gida ya fi araha. Tikiti mafi araha shi ne wanda ba a canzawa, ba a mayar da kuɗi, kuma shi mutanenmu ke rububi. Sai mutum ya ga jirginsa zai sauka ƙarfe uku, ya sayi motar uku da rabi, wai don kada ya ɓata lokaci. Ya manta da tafiyar da zai yi daga bakin jirgi, ya manta da layin jami'an shige da fice, wanda a lokacin shigowar ɗalibai yakan cinye awa biyu cur, ya manta da jiran akwatuna. In jami'i ya ce ka nuna takardar karɓa ta makaranta ko shaidar gwajin tarin fuka, kai kuma ka cusa su cikin akwatin da ke ƙasan jirgi, to wani zaman ne sabo.

Wani yaro ɗan Tudun Wada ya kira ni bara da daddare ta WhatsApp, da intanet ɗin filin jirgi, muryarsa na rawa. “Yaya, don Allah ka taimaka, mota ta tafi ta bar ni, katina kuma ya ƙi aiki.” Na ce, “Kai ƙanena, ba na ce ka bar awa uku tsakani ba?” Ya ce wai wani abokinsa ne ya ce masa Turawa ba sa ɓata lokaci. Motar ƙarshe ta garin da zai je ta wuce, katin bankin naira ya ƙi ci, fam ɗin da ya canzo duk takardun hamsin hamsin ne da masu shaguna ke ƙyamar karɓa. Mu muka saya masa sabon tikiti daga nan, ya kwana a kan benci da kaftani da 'yar shara, a watan Janairu. Da na tarye shi washegari yatsunsa ko zif ɗin jaka ba sa iya ja.

Saboda haka ka bar awa uku tsakanin saukar jirgi da tashin mota. In ka fito da wuri, akwai ɗakin salla a kowace tamina, ka rama abin da ake bin ka, ka sha shayi. Ko kuma ka ƙara 'yan fam kaɗan ka sayi irin tikitin da ke ba ka damar hawa wata motar idan jirgi ya makara. Ka lura da agogo ma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da su, bayan Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma suna bayanmu da awa guda. Batun kaya shi ma ya sha kunyata mutane. Jirgi ya yarda maka da kilo 23 a akwati, motar kuma kilo 20 ne ƙa'idarta, kuma akwai iyakar adadin akwatuna. Abin da ya haura, biya ake yi, gara ka biya tun wajen sayen tikiti da ka tsaya kana roƙon direba mutane na kallonka.

Sai sunan gari. Jami'ar Warwick ba a garin Warwick take ba, a gefen Coventry take. Newcastle biyu ce, wadda ke arewa a bakin kogin Tyne da wadda ke kusa da jami'ar Keele, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Ka riƙe lambar nan ta adireshin gida da suke kira foskod, ka rubuta ta a takarda ka sa a aljihu, domin waya tana mutuwa, kuma bakin soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu, saboda haka cajarka za ta yi, in dai ba a cikin akwati ka binne ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne maganar makulli. Mota za ta sauke ka a tasha, Pool Meadow in Coventry ce, Digbeth in Birmingham ce, daga nan ta gama nata. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Ni ranar Juma'a da dare na isa, da rasidin kuɗin ɗaki a hannu, na tarar ofishin dillalin a rufe da 'yar takarda manne a gilashi cewa sai Litinin. Na buga lambar mai gidan har ta daina shiga. Wani dattijo Basakkwace da aka haɗa ni da shi ta waya ya zo da motarsa, bai taɓa ganina ba, ya ce, “Ɗana, shigo, gida ne.” A falonsa na yi ƙarshen makon. Wannan halin na mutanenmu ina alfahari da shi a ko'ina, amma bai kamata ya zama shi ne tsarin tafiyar mutum ba. Kuma ni ma na yi sa'a ɗakin yana nan. Akwai waɗanda suka tura kuɗi tun daga Zariya saboda hoton ɗaki da suka gani a Facebook, suka zo suka tarar mai gidan bai ma san da zancen ba. A Ingila kuɗin ajiya na haya ba ya wuce na mako biyar a irin gidajen da muke kamawa, tun dokar 2019, kuma dole mai gida ya sa shi a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Mai gida na gaskiya zai nemi shaidar izinin zamanka kafin ya ba ka ɗaki. Wanda bai tambaye ka komai ba sai lambar asusu da gaggawa, ka yi hattara da shi. Kafin ka sayi tikitin mota, ka sami amsa a rubuce: wa zai ba ni makulli, a ina, ƙarfe nawa yake tashi aiki? In amsar ba ta fito ba, ka kama ɗakin otal na kwana ɗaya kusa da tasha.

In kuma kana so wani cikinmu ya tarye ka, za a yi, da farin ciki ma. Amma ka faɗa tun da mako biyu, ba sai kana Doha kana jiran jirgi na biyu ba. Yawancinmu aikin dare muke yi, sai an nemi musanya da abokin aiki kafin a samu fita. Ka turo lambar jirgi, da tamina, da lokacin motar, da foskod ɗin gidan, da adadin akwatunanka, don a san ko ƙaramar mota za ta ɗauke su.