Koyar da nahawu ta hanyar wasan kwaikwayo: inda malamai suka fi tuntuɓe

Malamai da yawa a lakwal-lakwal na Maradi sun gwada wasan kwaikwayo a darasin nahawu, sannan suka watsar da shi, suna cewa ɓata lokaci ne. Yara sun yi dariya, aji ya ɗauki hayaniya, amma da aka zo gwaji ba a ga bambanci ba. Ni a ganina laifin ba na wasan ba ne, na yadda aka shirya shi ne.

Babban kuskure shi ne a zaɓi wasan da yaro zai iya gamawa ba tare da ya taɓa ƙa'idar da ake son koya masa ba. A ce darasin yau a kan shuɗaɗɗen lokaci ne na Faransanci, sai mushe, wato malami, ya ce a kwaikwayi ciniki a babbar kasuwa. Mai saye zai ce nawa ne, mai sayarwa ya ce dala ashirin, a yi ta ja-in-ja har a tashi, ba wanda ya buƙaci ya faɗi abin da ya wuce. Gyaransa shi ne a fara daga ƙa'idar, a tambayi kai: a wane hali ne mutum ba shi da mafita sai ya yi magana da wannan siga? Ga shuɗaɗɗen lokaci, a kafa fadar mai gari. Akuya ta ɓace jiya, kowa sai ya zo ya faɗi inda ya je da abin da ya yi. Yaro ba zai kuɓuta ba sai ya ce "je suis allé", "j'ai vu", wato "na je", "na ga". Idan umarni ake koyarwa, ɗaya ya zama ɗan kabu-kabu, ɗaya fasinja mai nuna masa hanya daga tasha zuwa unguwar Zariya. Cinikin kasuwa kuwa a ajiye shi sai ranar tambaya da lambobi.

Sai katse yaro yana tsakiyar magana. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Yarinya ta yi ta maza ta fito gaban aji, ta buɗe baki, madam ta ce ba haka ake faɗa ba, sake. Sauran suka tuntsire da dariya. Gobe ko an roƙe ta ba za ta fito ba. A bar wasan ya kai ƙarshe, malami yana rubuta kurakuran a kayensa. Bayan an zauna sai ya ɗauki biyu ko uku ya sa a allo ba tare da sunan kowa ba, aji duka ya gyara. In ya zama dole a gyara nan take, malami ya shiga wasan a matsayin mai gari, ya maimaita jimlar daidai kamar yana tabbatar da abin da ya ji.

Akwai kuma barin ƴan gaban aji su riƙe wasan, alhali sauran suna kallo. A aji mai cunkoso a kasa yara biyu-biyu ko huɗu-huɗu, kowa ya yi a inda yake zaune, minti biyar, kafin a fito da rukuni ɗaya. Masu kallon ma a ba su aiki: su ɗaga hannu duk lokacin da suka ji aikatau.

Wasu malaman suna hana Hausa shiga wasan gaba ɗaya, kuma asara ce. Tun a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, amma ko ba wannan, yaron CE1, wato aji uku na firamare, ya zo da nahawu cikakke a bakinsa. Ya san "ka zo" da "kin zo", ya san jinsi tun kafin ya ga allo. Abin da ke rikita shi shi ne rana mace ce a Hausa, a Faransanci kuma namiji, wata namiji ne a wurinmu, a can mace. A sa yaro ɗaya ya zama rana, ɗaya wata, su gabatar da kansu da Hausa, sannan su sauya wuri su yi da Faransanci. Haka ma "su" namu guda ɗaya ne, can kuwa akwai "ils" da "elles": a tara ƴan mata zalla, a kira su, sannan namiji ɗaya ya shiga cikinsu a ga yadda kalmar ta canza.

Dogon rubutu da za a ba yara su haddace a gida, wannan hadda ce kawai. Layi biyu na farawa sun isa, sauran su ƙirƙira da kansu.

Kada kuma a tashi ba a rubuta komai ba. Kafin a buga ƙararrawa, kowane yaro ya rubuta jimla uku daga cikin waɗanda ya faɗa ko ya ji, ya ja layi ƙarƙashin aikatau. Da su malami zai gane ko gobe a ci gaba, ko a sake komawa fadar mai gari da wata sabuwar shari'a.